Sunan da Na Kira a Bakin Rijiya

Ramatu da Aliyo, ku zauna ku karanta wannan da kyau, don na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ko hanyar tsohuwar garkar bayan unguwa ba su bi ba ranar da abin ya faru. Ke Ramatu kina Agadas gidan mijinki a lokacin, kai kuma Aliyo an rufe Yamai saboda korona da kai a ciki kana karatu, ba shiga ba fita. Abin da ya iso kunnenku shi ne wai uwarku ta kwanta rub da ciki a gaban maza, kallabi a ƙasa, tana kwarara kiran sunan ɗanta na fari kamar mai tallar fura. To, an yi haka, ban zo yin musu ba. Har yau idan na tuna sai in ji jikina ya yi sanyi, in rasa inda zan sa fuskata. Amma ba wanda ya gaya muku yadda aka yi har aka kai can, kuma babanku, kun san shi, gara ya shiga wuta da ya buɗe baki ya yi bayani.

Yayanku an haife shi lafiya lau. Ba a daɗe da yaye shi ba sanƙarau ya kama shi, ya tafi da idanunsa, ya kuma tsayar masa da hankali a nan inda ya same shi. Jiki ya ci gaba da girma har gemu ya fito, hankali kuwa na yaro ne. Tun kafin ciwon ma ba a hannuna yake ba. Ɗan fari ne, kuma ni 'yar Affala ce, a gidanmu mace ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuwa ko a mafarki. Ana yaye shi Inna, uwata, ta ɗauke shi. Da ciwon ya zo ta ce ita ta fara, ita za ta ƙarasa. Ni kuma na bi babanku zuwa Tawa da aka kawo shi aikin kashe gobara, na haife ku, na raine ku. Idan na je Affala sai in zauna nesa in saci kallonsa, in ce wa Inna, "Wancan ya ci abinci?" Mata na yabona, wai ga mai kunya ta gaske, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Inna ta yi masa doka guda, kuma a kan dokar nan komai ya rataya. Yaran ƙauye sun taɓa jan sa da murya, suna ta "zo nan, zo nan," har suka kai shi cikin ƙaya suka bar shi yana ihu. Daga ranar ta dasa masa a kai cewa duk muryar da ba ta kira sunansa ba, ba da shi take ba. Kada ya tashi, kada ya miƙa hannu, kada ya karɓi ko ruwa. Ya riƙe wannan fiye da yadda wasu malamai suka riƙe karatunsu.

A shekarar korona, ana cikin zafin bazara, azumi na ƙaratowa, Inna ta kwanta kwana kaɗan ta cika. Ba a yi taron kirki ba, an hana taruwa. Ƙanena ya ɗora yayanku a motar kasuwa ya kawo mini shi har ƙofar gida, da ƙunshin kayansa da kwanon da yake ci a ciki.

"Yaya, ni gona gare ni, matata kuma ciki gare ta," in ji shi. "Ga naki nan. Allah shi ba ki haƙuri."

Ya zaunar da shi a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, ya juya don kada motar ta bar shi. Na tsaya ina kallon ƙato zaune a tsakar gidana, ya karkata kai yana sauraren gidan da bai sani ba. Ban taɓa wanke masa ko hannu ba tun yana shan nono.

Babanku kuwa ba ya nan. A lokacin su 'yan kashe gobara, pompiye kamar yadda ake ce musu a gari, ba gobara kaɗai suke yi ba. Su ke ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti, su ke feshin magani a inda aka ce cutar ta shiga. Saboda haka ya daina kwana gida, yana can barikinsu, don kada ya kwaso mana. Yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a baki, ya ajiye cefane, ya tambayi lafiya daga nesa. Daga baya na ji cewa shugabansu, Ajidan Salifu, wani mutumin Maradi mai faɗa da tausayi a haɗe, ya tara su ya ce duk mai wata lalura a gida ya faɗa, a sassauta masa aiki. Wani ya ce tsohonsa na kwance, wani ya ce matarsa ta kusa haihuwa, duk aka duba su. Babanku ya tsaya a layi ya yi tsit. Ina zai iya buɗe baki a gaban yaran da ya girma ya ce ɗansa na fari? Shekara da shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya da mutanen nan, ba wanda ya san yana da wani ɗa bayan ku biyu.

Maƙwabta ma suka janye. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa tsoro yake ji, an ce gidan mai ɗaukar masu korona ne. Hajiya Rabi da muke katanga ɗaya, wadda da ko gishiri ya ƙare mata sai ta leƙo, ta koma gaishe ni ta saman katanga, hanci a rufe da gefen mayafi. Da lokacin lafiya ne, da na aika an kira mini ɗiyar wani ta zo ta kira shi ya ci abinci, shi ke nan an wuce wurin. Amma ba mai shigowa. Daga ni sai shi sai kaji.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na ce "kai," na ce "bawan Allah," na ce "na Inna." Na ƙwanƙwasa kwanonsa da ludayi. Na ajiye fura kusa da gwiwarsa na koma ɗaki. Sai ya zauna kamar an dasa shi, ƙudaje na bin furar. In yunwa ta kai masa iyaka ya lalubo ya kurɓa kaɗan a sace, kamar mai cin abin da ba nasa ba. Makewayi kuwa kada ma a yi magana. Ba ya tashi sai an kira shi, ni kuma ba na kira, sai abin ya kuɓuce masa a inda yake zaune, ya yi ta kuka a hankali yana neman Inna. In kama hannunsa ya fizge. Wallahi akwai ranar da na yi masa tsawa har kaji suka watse, na koma bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Ke Ramatu kin tuna na yi ta kiranki a waya ina cewa ki gaisa da yayanki? Ba gaisuwa nake so ba, so nake ki kira sunansa ya ci abinci. Kwana biyu abin ya yi aiki. Rana ta uku ya lalubi wayar, ya juya ta, ya ce:

"Ba kowa ciki."

Ya ture ta, bai ƙara saurarenta ba. Ina kallo wuyansa ya fara tsawo, wandon da ya zo da shi ya fara zamewa. Na san abin da zai warkar da shi, yana nan a kan harshena. Na sha shiga ɗaki in rufe ƙofa in ce bari in gwada faɗa a hankali, sai in ji kamar Inna da kakata da duk matan Affala suna tsaye a kaina. Bakin ya ƙi buɗuwa.

Ranar da abin ya faru muna cikin azumi. Bayan azahar zafi ya kwantar da ni a bakin ƙofar ɗaki, barci ya sace ni. Da na farka tabarma ba kowa, ƙofar gida a buɗe. Shi da ba ya tashi sai an kira shi! Ashe ya gaji da jiran kira, ya ce bari ya koma Affala da ƙafarsa. Na fita ko takalmi babu. Wani mai kabu-kabu ya ce ya ga wani makaho ya bi ta bayan unguwa wajen garake yana lalube. Kafin in kai na hango mutane sun taru a tsohuwar garkar da aka daina nomawa, sun manta da korona, sun manta da komai. Akwai rijiya a wurin, tsohuwa, ba a ɗaure ta da siminti ba, ruwanta ya ja sai laka. A ciki yake. Allah ya sa yashin da ya rufta a ƙasa ya tare shi, bai karye ba, ana jin nishinsa.

Wani ya riga ya kira pompiye. Jar motar ta iso da jiniya, suka diro, babanku na cikinsu. Ya gan ni tsaye ba takalmi, ya dubi rijiyar, bai tambaye ni komai ba. Ya je ya kama igiya kamar kowa.

Ajidan Salifu ya zagaya bakin rijiyar, ya kori mutane baya. Ko'ina aka taka sai yashi ya zubo ciki. Ya ce ba mai sauka, duk wanda ya sauka zai rufta bangon a kansu su biyu. Suka gitta tsani a bakin, suka shimfiɗa katako a kai, suka zura igiya mai zarge a baki. Abin da ake so kaɗan ne: ya ɗaga hannuwa ya sa zargen a ƙarƙashin hammatarsa, a ja shi. Ajidan ya leƙa ya yi magana da taushi, ya yi da ƙarfi. Igiya na taɓa kafaɗarsa yana ture ta. Yashi kuma bai daina zuba ba, har ya rufe masa gwiwa.

"Kurma ne?" in ji Ajidan.

Na ce, ina kallon ƙasa, "Shina ji. Ba shi amsawa sai an kira sunanshi."

"To mi ne ne sunan? Wa ya san shi?"

Mutanen unguwa suka dubi juna. Ba wanda ya sani, a ina za su ji? Na dubi babanku, ya dubi igiyar da ke hannunsa. Ku yi tunani, ɗanmu na cikin rami yashi na cin sa, mu biyu muna tsaye kowa na jiran ɗaya ya fara zubar da mutuncinsa. Can babanku ya nuna direban motarsu da haɓa, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Mai sunan wancan ne."

Ajidan ya juyo gaba ɗaya. "Kai ina ka san shi?"

"Na gidana ne."

"Ɗan wa?"

Babanku ya yi shiru. Ajidan Bahaushe ne, shirun ya ishe shi. Ya yi salati, ya dafe kai, amma bai tsaya magana ba. Ya kwanta a kan katakon ya kira sunan cikakke, irin na ranar raɗin suna. Direban ma ya zo ya kira. Ina! Jiniya ta riga ta firgita yayanku, ga muryoyin maza baƙi suna faɗowa daga sama, sai ya ƙara dunƙulewa ya rufe kunnuwa, yana ta "Inna, Inna." Ajidan ya taso, gumi na zuba, ya zo gabana ya rage murya.

"Hajiya, ki gafarce ni. Muryar mace yake so, wadda ya sani. Na san abin da nike roƙonki, ni ma ina da uwa. Amma bangon ga ba zai kai la'asar ba."

Tun ina budurwa ake cewa muryata ta Inna ce sak. Na sani, babanku ya sani. Shi ya zo da kansa ya ɗaura mini igiya a ƙugu, a gaban abokan aikinsa da mazan unguwa, bai dube ni ba. Na rarrafa a kan katakon, zane na kama ni, na kwanta rub da ciki. Kallabina ya zame ya faɗa rijiyar. Kaina a buɗe, furfurata a waje, ina jin idanun mutane a bayana kamar garwashi. Na leƙa na ga ƙeyarsa can ƙasa, yashi ya kai masa cinya. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na sake. Sai na ji murya ta cika rijiyar, irin yadda Inna take jan ƙarshen sunan:

"Karimuuu! Karimu!"

Ya sauke hannuwa daga kunne. Ya ɗaga fuska sama.

"Wa ke kira?"

Da na ce Inna ce da ya yarda, kuma da an ce dabara na yi, ba wanda zai zarge ni sosai. Amma ba zan yi masa ƙarya da wadda ke kabari ba.

"Ni ce, Karimu. Uwarka. Ni na haihe ka. Ɗaga hannunka ka kama igiya."

Na ji wata tsohuwa a bayana ta ce "Subhanallahi!" Shi kuwa sai ya ce, da muryar nan tasa ta yara, kowa na ji don rijiya tana ƙara sauti:

"Ashe kin san sunana?"

Ban san yadda na ƙarasa ba. Na dai yi ta kira ina gaya masa, Karimu hannun dama, Karimu sa kanka ciki, Karimu riƙe da kyau. Ya bi kowace kalma. Suka ja a hankali, babanku a gaba, har ya fito, laka har wuya, kallabina a hannunsa. Ba a daɗe da janye tsanin ba gefe guda na rijiyar ya rufta.

Abin da ya biyo baya kun ji rabinsa. Kafin sallar azumi labari ya kai Affala. Gwaggonku, yayar babanku, ta aiko cewa ai da an bari maza sun yi aikinsu, ba sai na tsiraita kaina ba, kuma ta daɗe ba ta taka gidana ba. A wurin biki in na shigo sai hira ta tsaya. Yara a unguwa suka mayar da shi waƙa, in na wuce su ja murya su ce "Karimuuu," su ruga. Ke Ramatu na san uwar mijinki ta yi miki gori da shi lokacin da kika haifi naki na fari, ta ce a sa miki ido kada ki gado. Kin ɓoye mini, amma ya zo kunnena. Ki yafe mini wannan, ba ke kika kwanta a kan katakon ba.

Mutanen da ba su taɓa yi mini ko murmushin shaƙiyanci ba su ne abokan aikin babanku. An ce da suka koma bariki Ajidan ya ja shi gefe ya wanke shi tas.

"Na tara ku na tambaya, ka tsaya kana kallona kamar gunki! Kana ɗaukar ɗiyan mutane zuwa likita, naka na ramewa a gida?"

Babanku ya ce, "Ajidan, a gaban yara kat tambaya."

Ajidan ya ce wannan kuma kuskurensa ne. Daga ranar ya bar tambayar mutane a layi, sai ya bi su ɗaya-ɗaya, in ya ga dattijo ne ma ya aiki matarsa ta tambayi matar gidan. Ya cire babanku daga ɗaukar marasa lafiya, ya sa shi ya zauna gefe har aka tabbata lafiyarsa lau, sannan ya mayar da shi aikin rana, ya riƙa kwana gida. Samarin suka raba aikinsa a tsakaninsu, ba wanda ya yi ƙorafi. Su ne suka zo ranar hutunsu da wata tsohuwar igiyar aiki da aka daina amfani da ita, suka kafa turaku, suka ja ta daga ƙofar ɗakin yayanku zuwa gindin bedi, daga bedi zuwa makewayi. Igiyar da kuke tsallakewa kuna tsaki in kun zo hutu, asalinta ke nan. Direban nan mai sunansa har yau yakan biyo da kankana, ya tsaya a zaure ya ce a gaida takwara. Babanku kuwa ya yi ritaya bai faɗi sunan ba. Shi ke yi masa wanka, shi ke yi masa aski, amma sai ya leƙo ya ce mini, "Kira shi." In kira, shi kuma ya kama hannun.

Kada ku ce ina zagin al'adar gidanmu. Inna da ita ta rayu, kuma ban ga macen da ta fi ta ba. Ke Ramatu, yadda za ki yi da naki, ke da mutanen gidanki ne. Ni dai abin da na sani na gaya muku. Gorin gwaggonku ya yi mini zafi, waƙar yara ta yi mini zafi, kuma har gobe in na ga jar motar nan sai in gyara kallabi. Amma duk wannan da sauƙi. Wadda ke hana ni sakewa ita ce tambayar da ya yi mini daga cikin rami. Ɗana ya girma har ya yi gemu, ya zauna a tsakar gidana yana jin motsina, yana jin ina kiran kaji da sunayen da na raɗa musu, shi kuwa a ransa matar nan ba ta san ko wane ne shi ba. Bai yi fushi ba, bai yi zargi ba. Ya ɗauka ban sani ba ne kawai.

Yanzu ƙafafuna sun fara ba ni wahala, babanku ma ba kamar da ba. Wata rana ɗayanku zai tsaya a tsakar gidan nan da kwano a hannu. Ku ƙannensa ne, ba abin da ya hana ku, amma na lura ku ma kun koyi "Yaya" da "wancan" a bakina. Ba zai ci da wannan ba. Ku kira shi da sunansa, ku ja ƙarshen, kuma ku ɗaga murya.

Ni kaina har yau da safe in na kawo masa kunu, sai in waiga wajen katangar Hajiya Rabi, in rage murya, in faɗa a hankali. Ja'irin ya gane ni sarai. Sai ya karkata kai, ya ƙi miƙo hannu, bakinsa na son yin dariya, ya ce:

"Wa ke kira? Ban ji ba."

Sai na faɗa yadda duk unguwa za ta ji, sannan ya karɓi kwanon.